Hoton Jinin Zuciya: Idan Likita Ya Tura Ka

Wataƙila ka taɓa jin ƙirjinka ya yi nauyi kana ɗaukar kaya a kasuwar Sokode, ko kana huɗa a gonarka a bayan Dapaong. Ka zauna minti biyar, abin ya wuce, ka ce gajiya ce. Kada ka yi saurin yarda da haka.

Zuciya tsoka ce, ita ma sai da jini take aiki. Wasu ƙananan jijiyoyi ne suke kai mata shi. Hawan jini, ciwon sukari, taba da yawan kitse a jini suna sa su tsuke a hankali. Idan kana zaune, ɗan jinin da yake wucewa ya ishe ta. Da ka tashi aiki, sai ya gaza. Shi ya sa awon da ake liƙa wayoyi a ƙirji, wato ECG, yakan fito lafiya lau alhali cutar tana nan, domin kana kwance aka auna ka.

Akwai wani hoto da yake duba zuciya a lokacin da take wahala. Za a sa ka tafiya a kan na'ura har ka yi haki. Wanda ƙafarsa ba ta iyawa, sai a ba shi magani mai buɗe jijiyoyi. Daga nan a yi maka allurar wani sinadarin nukiliya ɗan kaɗan, sunansa teknetiyam, ya bi jini ya shiga naman zuciya, kyamara ta ɗauki haskensa. Sai a sake ɗaukar wani kana hutawa, a gwada biyun. Wurin da ya dushe lokacin haki amma ya cika lokacin hutu, jijiyarsa ta tsuke, kuma akwai abin yi. Wurin da ya dushe a duka biyun, galibi tabon tsohon ciwo ne.

Kalmar nukiliya tana tsorata mutane. Ƙarfin sinadarin nan yana raguwa da rabi duk awa 6, wani kuma ya fita ta fitsari. Ka dai sha ruwa sosai. Mai ciki da mai shayarwa su faɗa wa likita tun kafin allura.

Saurin ƙarewar nan ne ya sa ba a ajiye shi a kowane asibiti. Ana yin aikin nukiliya a asibitin Korle Bu na Accra, da Yalgado Ouédraogo na Wagadugu, da kuma Yamai. Tafiya ce mai cin kuɗi, don haka kada ka kama hanya sai da takardar likita da ranar da aka sa maka. Wanda ba ya jin komai a ƙirji, awon hawan jini da na sukari a asibitin kusa ya fi masa amfani.

Ga abin da yake ɓata wa mutanenmu tafiya: goro. Goro, shayi da Nescafé suna hana maganin buɗe jijiyoyi aiki. Ka bar su awa 24 kafin hoton, ko ɓari ɗaya kada ka tauna a mota. Ka tafi da duk magungunan da kake sha a cikin kwalayensu.

Amma idan ciwon ƙirji ya kama ka kana zaune, ya wuce minti 15, ga gumi, ga numfashi sama-sama, wannan ba na jiran hoto ba ne. A kai ka asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.