Amarya Cikin Baƙaƙen Kaya: Tasirin Hitchcock a Finafinan Ɗaukar Fansa na Faransa

La Mariée était en noir, wato amarya ta sa baƙaƙen kaya, fim ne na François Truffaut da ya fito a Faransa a watan Afrilun 1968. Labarin wata mata ce, Julie Kohler, wadda aka harbe angonta a bakin ƙofar coci ranar ɗaurin aurensu, ita kuma ta bi maza biyar da take ɗora wa alhakin mutuwarsa tana kashe su ɗaya bayan ɗaya. Jeanne Moreau ce ta fito a matsayin Julie, Raoul Coutard ya ɗauki hoto, Bernard Herrmann ya tsara kiɗa. An ɗauko labarin daga littafin da marubucin Amurka Cornell Woolrich ya wallafa a 1940. Fim ɗin ya zama babban misali na wani yayi da ya kama masu shirya fim na Faransa daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa farkon shekarun 1970: a ɗauko littafin aikata laifi na Amurka ko Ingila, a mayar da shi ƙasar Faransa, a gina shi da dabarun jefa ɗan kallo cikin zullumi irin na Alfred Hitchcock.

Tushen yayin yana komawa ga Yaƙin Duniya na Biyu. A shekarun da Jamus ta mamaye Faransa an hana nuna finafinan Amurka, don haka da aka gama yaƙi sai suka kwararo a lokaci guda. Yarjejeniyar Blum da Byrnes ta 1946 ta ƙara buɗe musu ƙofa, domin makonni huɗu kawai ta keɓe wa finafinan gida a cikin kowane wata uku. A shekarar ce mai sharhi Nino Frank ya laƙaba wa wasu daga cikinsu sunan film noir, saboda duhun hotonsu da na halayen mutanen cikinsu. Shekara guda kafin nan, Marcel Duhamel ya fara fitar da jerin littattafan Série noire a kamfanin ɗab'i na Gallimard, galibinsu fassarar labaran 'yan sanda da 'yan ta'adda ne na Amurka da Ingila. Truffaut, wanda aka haifa a 1932, ya tashi yana karanta irin waɗannan littattafai, yana kuma kwana yana tashi a gidajen sinima da ɗakin adana finafinai na Henri Langlois.

Dalili na biyu rigimar masu sharhi ce. Matasan da suka taru a mujallar Cahiers du cinéma, wadda aka kafa a 1951, sun ƙosa da finafinan manyansu, waɗanda suke ganin marubuta ne ke juya su, darakta kuwa ɗan aike ne kawai. Truffaut ya caccaki wannan tsari a wata maƙala da ta fito a Janairun 1954. Hujjarsu ita ce darakta na ƙwarai shi ne mawallafin fim ɗinsa, ana gane hannunsa a kowane aiki ko da a masana'antar kasuwanci yake. Ba su sami shaidar da ta fi Hitchcock ba. A Amurka ana kallonsa a matsayin gwanin nishaɗantarwa, mai kawo kuɗi, amma ba wanda za a zauna a yi nazari a kansa ba. Cahiers ta keɓe masa fitowa guda a 1954, Éric Rohmer da Claude Chabrol suka wallafa littafi a kansa a 1957. A watan Agustan 1962 Truffaut ya je Hollywood ya shafe kimanin mako guda yana yi masa tambayoyi a kan finafinansa ɗaya bayan ɗaya, Helen Scott tana tafinta. Littafin hirar ya fito a 1966, aka kuma ɗauki La Mariée était en noir a shekarar da ta biyo baya. Mutumin da ya yi shekara huɗu yana tsefe aikin wani, ba abin mamaki ba ne ya so gwada abin da ya koya.

Akwai kuma lissafin kasuwa. Fahrenheit 451, wanda Truffaut ya yi a Ingila ya fito a 1966, ya ba shi wahala, bai kuma karɓu yadda aka zata ba. Labarin kisa mai fitacciyar jaruma abu ne da ke da sauƙin samun masu zuba kuɗi, kuma reshen kamfanin United Artists ya shiga cikin shirin. Herrmann ma yana nan a sake: shi ne ya yi wa Hitchcock kiɗan Vertigo da Psycho, amma sun ɓata a 1966 a kan kiɗan Torn Curtain. Woolrich kuwa, daga gajeren labarinsa Hitchcock ya gina Rear Window a 1954. Ke nan Truffaut ya haɗa marubucin da maigidansa ya taɓa ara da makaɗin da maigidan ya sallama.

Ya kamata a lura cewa aron bai kasance ta hanya ɗaya ba. Les Diaboliques na Henri-Georges Clouzot, wanda ya fito a 1955, ya girgiza 'yan kallo a Turai da Amurka, kuma marubutan littafin da aka ɗauko shi, Boileau da Narcejac, su ne suka rubuta wanda Hitchcock ya mayar Vertigo a 1958.

Babban darasin da ke cikin hirar 1962 shi ne bambancin bazata da zullumi. Hitchcock ya bayyana shi da misalin bam a ƙarƙashin tebur. Idan mutum biyu suna hira bam ya tashi ba wanda ya san da shi, ɗan kallo zai firgita na 'yan daƙiƙoƙi, shi ke nan. Idan kuwa an nuna masa lokacin da aka ajiye bam ɗin, ga agogo a bango, to hirar banza ma sai ta zama abin da ba ya iya ɗauke ido daga kanta, domin ya san abin da mutanen ba su sani ba. Sirrin dai a ba ɗan kallo labari, kada a ɓoye masa.

Truffaut ya bi wannan ƙa'ida, amma rabi da rabi. Tun daga kisan farko ɗan kallo ya san Julie mai kisa ce. A wani dogon bene a gaɓar tekun kudancin Faransa, ranar bikin baikon Bliss, na farko cikin mazan biyar, ta saki ɗankwalinta ya maƙale a wajen baranda, ta ce ya ɗauko mata. Yana miƙa hannu ta tura shi. Kyamara ba ta tsaya kan gawar ba, sai ta bi farin ƙyallen yana yawo a iska a saman gari. Daga nan duk namijin da ta yi wa murmushi an san ƙarshensa, abin da ya rage shi ne yaya za ta yi. Coral, gwauro mai zaman kaɗaici a ɗakin haya, ta aika masa tikitin kallon makaɗa, washegari ta kawo masa kwalbar giyar arak da ta riga ta tsira wa guba da sirinji. Yana murna mace ta kula shi, ta sa faifan kiɗan Vivaldi, ta zauna tana kallonsa yana mutuwa.

Kisa na uku ya fi kowanne kusa da salon Hitchcock. Morane mutum ne mai neman shiga siyasa, cike da ji da kai. Julie ta aika wa matarsa wayar tangaraho ta ƙarya cewa mahaifiyarta ba lafiya, sannan ta zo gidan a matsayin malamar makarantar ɗansu. Yaron ya ce ba ita ba ce malamarsa, uban bai saurare shi ba. Ta dafa abinci, suka yi wasan ɓuya, ta kwantar da yaron, daga bisani ta ce zobenta ya faɗi a ƙaramin ɗakin ajiya da ke ƙarƙashin matakala. Yana shiga ta rufe ƙofa, ta bi duk kafar da iska za ta shiga ta liƙe da salatif. Ɗan kallo ya ga ɗakin tun lokacin wasan ɓuya, ya kuma ji gargaɗin yaron, don haka duk tsawon daren yana zaune a kan ƙaya. A cikin wannan ɗaki ne Morane ya faɗi abin da ya faru: su biyar suna shaye-shaye a wani ɗaki da ke fuskantar cocin, suna wasa da bindigar farauta, harbi ya kuɓuce.

Inda Truffaut ya kauce wa maigidansa shi ne wajen wanda ake jin tsoro dominsa. A yawancin finafinan Hitchcock ɗan kallo yana tafe da mutum mai rauni, wanda ake bi ko aka ɗora wa laifin da bai yi ba. Julie kuwa ba wanda ke barazana gare ta. Fuskarta a rufe take, tufafinta baƙi ne ko fari ko haɗin biyun, fim ɗin bai ma damu ya faɗi yadda ta gano sunayen mutanen ba. A littafin Woolrich akwai ɗan sanda mai bin sawunta, akwai kuma juyin ƙarshe da ke nuna cewa mutanen da ta kashe ba su ne suka harbe mijinta ba. Truffaut da abokin rubutunsa Jean-Louis Richard sun cire wannan juyi. Da suka cire shi, bazata ta tafi, kamar yadda ƙa'idar ta nema, amma haɗarin da zai sa zuciya ta buga saboda jarumar ma ya ragu ƙwarai.

Abin da ya cike gurbin shi ne abin da Truffaut ya fi iyawa tun asali, wato zama da mutane ana sauraren surutunsu. Kowane ɗaya cikin mazan yana da irin macen da yake mafarki, Julie kuma sai ta zame masa ita. Wannan ya fi fitowa a kashin Fergus mai zane, wanda Charles Denner ya fito a matsayinsa: ya sa ta tsaya masa da kwari da baka a siffar Diana, allahiyar farauta ta Romawa, yana zuba zance a kan mata, har ya kamu da sonta da gaske, ita ma hannunta ya yi nauyi kafin ta saki kibiya. A nan fim ɗin ya rage gudu, ya zama nazarin wautar maza fiye da labarin tsoro. Ƙarshensa dai ya koma ga dabarar ɓoye abu daga ido. Delvaux, wanda ya harba bindigar, 'yan sanda sun kama shi kan wani laifi kafin ta kai gare shi, sai ta bari aka kama ta a wurin jana'izar Fergus. A gidan yari ta shiga cikin masu rabon abinci, ta ɓoye wuƙa a keken abincin, ta sha kwana zuwa ɓangaren maza. Kyamara ta tsaya a farfajiyar da ba kowa, sai ihu aka ji.

Fim ɗin ya yi kasuwa, amma masu sharhi a Faransa sun rabu a kansa, shi kansa Truffaut daga baya ya nuna bai gamsu da shi ba. Ya yi ta saɓani da Coutard a kan haske lokacin ɗauka, kuma ba su sake aiki tare ba. Hasken rana da launuka masu ƙyalli ba su dace da duhun Woolrich ba, kiɗan Herrmann kuma wani lokaci yana alkawarin tashin hankalin da hoton bai kawo ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Duk da haka bai daina ba: a 1969 ya sake ɗauko Woolrich ya yi La Sirène du Mississipi, wanda bai yi kasuwa ba, fim ɗinsa na ƙarshe ma, Vivement dimanche! na 1983, daga littafin Ba'amurke Charles Williams ya fito, a hoto baƙi da fari.

Wanda ya fi narkar da darasin ya zama nasa shi ne Chabrol. A Que la bête meure na 1969, daga littafin Nicholas Blake, wani uba yana neman direban da ya take ɗansa ya gudu. Ya same shi, mai garejin mota ne, azzalumi a gidansa, wanda ɗan cikinsa ma yake fatan mutuwarsa. Uban yana rubuta niyyarsa a littafin ajiyar sirri, ɗan kallo ya san da littafin, yana kuma fargabar ranar da za a gan shi. Wannan shi ne bam a ƙarƙashin tebur, an dasa shi a teburin cin abincin masu hali na lardunan Faransa. La Femme infidèle da Le Boucher ma suna kan wannan layi, suka kafa irin fim ɗin da laifi ke fitowa daga cikin gida mai mutunci. Jigon ramuwar gayya ya ci gaba da jan 'yan kallo: Le Vieux Fusil na Robert Enrico ya lashe kyautar César ta farko ta gwarzon fim a 1976, L'Été meurtrier na Jean Becker kuma ya ba Isabelle Adjani kyautar gwarzuwar jaruma da labarin yarinya mai neman fansar abin da aka yi wa mahaifiyarta.

A wajen Faransa, babban sakamakon yayin ya faɗa kan Hitchcock kansa. Sau biyar aka sa sunansa a takarar Oscar ta darakta bai taɓa ci ba, amma bayan littafin 1966 da rubuce-rubucen mai sharhi Andrew Sarris a Amurka, ya zama darasi a jami'o'i da makarantun koyon fim. Herrmann ma ya farfaɗo: Brian De Palma ya ɗauke shi a Sisters da Obsession, Martin Scorsese ya ba shi Taxi Driver, wanda ya kammala dab da rasuwarsa a Disambar 1975.

Tsarin amarya mai jerin sunaye biyar tana soke su ɗaya ɗaya ya sake bayyana a Kill Bill na Quentin Tarantino a 2003 da 2004, abin da ya sa mutane da yawa suka koma neman fim ɗin Truffaut. Tarantino ya ce bai kalle shi ba kafin ya yi nasa, kuma tasirin da ya fi fitowa fili a aikinsa na fim ɗin Japan ne, Lady Snowblood na 1973.