Barga da Tarbiyyar Mahayi a Arewacin Zamfara: Haƙƙin Doki a Ma'aunin Fiƙihun Malikiyya

A ƙasar da ta haɗa Zurmi da Ƙauran Namoda da Shinkafi, doki ya shiga tarihin addini tun kafin a san shi da adon ranar Sallah. Lokacin da jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka kara da rundunar Gobir a Tabkin Kwatto a shekarar 1804, dawakinsu ƙalilan ne, galibinsu 'yan baka ne masu tafiya a ƙasa, alhali Sarkin Gobir Yunfa ya zo da barade da 'yan lifidi. Da aka ci Alƙalawa a 1808, daga cikin jagororin da suka dafa wa Muhammadu Bello akwai Muhammadu Namoda na Fulanin Alibawan Zurmi, wanda garin Ƙaura yake ɗauke da sunansa har yau. Daga nan ne rundunonin daular suka ƙara dogaro da dawaki, gidajen sarauta da na attajirai da wasu gidajen malamai suka kafa turaka, aka riƙa shigo da nagartattun dawaki daga Azbin da Barno. Yaƙi ya wuce, jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, mota da babur suka biyo baya, amma barga ta wanzu a wasu gidaje, kuma a cikinta ake koya wa yaro hawa da kiwo, uba ya miƙa wa ɗa, ba tare da allo ko littafi ba.

Abin da ya cancanci ɗalibin ilmi ya tsaya a kansa shi ne jerin da ake bi wajen wannan koyarwa. A gidan da aka san doki, ba a fara ɗora yaro a kan sirdi. Galibi yakan fara ne da sharar barga da kwashe kashi, da ɗebo ruwa, da yankan ciyawa, da cire kaska daga kunne da ƙarƙashin wutsiya. Sai a ba shi ragama ya ja dokin zuwa mashaya, yana tafiya kusa da kafaɗarsa, ya koyi cewa ba a ɓullo wa doki ta baya ba tare da magana ba, ya gane ma'anar kunnuwan da aka kwantar da su baya. Bayan wannan ne yake hawa kuru ko tsohuwar goɗiya mai haƙuri, ba sirdi, domin zama ya kama cinyarsa. Sirdi da likkafa sukan biyo baya, linzami kuma sai hannu ya natsu. Ƙaimi shi ne na ƙarshe, wasu iyayen ma ba su yarda a ɗaura wa yaro shi sai ya zama saurayi. Ma'ana dai, hidima ce take gabatar hawa, yaro yakan yi wa doki bauta shekara da shekaru kafin doki ya ɗauke shi.

Ko da masu bargar ba su faɗe shi da lafazin malamai ba, wannan jeri ya dace da yadda shari'a ta tsara al'amarin. A babin ciyarwa na Mukhtasar, Shaihu Khalil ya sanya ciyar da dabba cikin wajibai a kan mai ita matuƙar babu makiyayar da za ta ci da kanta, ya kuma bayyana cewa idan ya ƙi ko ya kasa, sai a sayar da ita. Dokin barga kuwa a ɗaure yake a turke, ba ya da wata makiyaya sai hannun mai shi, saboda haka harawarsa da dusarsa da ruwansa bashi ne a wuyan maigida, kuma alƙali yana da ikon shiga tsakani. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa an ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana share fuskar dokinsa da mayafinsa, da aka tambaye shi ya nuna cewa an yi masa faɗakarwa a kan dawaki a daren. Haka nan hadisin da ya kasa dawaki gida uku: wanda yake lada ga mai shi, da wanda yake sutura, da wanda yake zunubi. Na tsakiyan shi ne na mutumin da ya riƙe doki don wadatar kai, bai manta da haƙƙin Allah a kansa ba; na ƙarshen kuwa na mai alfahari ne da riya da adawa da Musulmi. Mafi yawan dawakin wannan zamani suna tsakanin waɗannan biyun ne, kuma yadda ake riƙon dokin a watannin da babu biki yana daga cikin abin da yake nuna gidan da ya faɗa.

Ilmin kiwon da tsofaffi suke koyarwa yana da dalilai a halittar dabbar. Tumbin doki ƙarami ne idan aka kwatanta da girman jikinsa, kuma ba ya iya amai. Shi ya sa ake ba shi abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ciyawa da harawa su zama ginshiƙi, gero ko dawa ko dusa su zama ƙari gwargwadon aikinsa. Wanda ya bar dokinsa da yunwa wata goma, sannan ya cika masa akushi da hatsi ana saura mako biyu Sallah, yana jawo masa murɗawar ciki ko kumburin kofato, waɗanda kowane ɗayansu yana iya kashe shi ko ya gurgunta shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. A zafin bazara doki yakan sha lita 30 ko fiye a yini, ana kuma jiƙa masa kanwa lokaci-lokaci. Kofato yana tsiro kamar farce, yana buƙatar gyara duk bayan mako 6 zuwa 8. Dukushi kuwa ƙashinsa ba ya gama ƙwari sai ya kai wajen shekara 5, don haka ɗora masa ƙato da sirdi mai nauyi yana ɗan shekara 2 zalunci ne, ko da ya ɗauka.

Kilisa ma tana da asali a Sunna. Hadisin Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, ya nuna cewa Annabi ya shirya tsere iri biyu a Madina: dawakin da aka horar aka rage musu ƙiba sun taso daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, tazarar mil 5 ko 6, waɗanda ba a horar ba kuwa aka taƙaita musu daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ, kimanin mil guda. An auna wa kowane doki gwargwadon shirinsa. Fitar da doki da yamma a motsa masa jini, a ƙara masa nisa sannu a hankali, ita ce hanyar da take kai shi rukunin farko.

Akwai wurare biyu da al'ada ta yi hannun riga da fiƙihu, kuma bai kamata a rufe su da sunan gado ba. Na farko shi ne linzami da ƙaimi. Linzamin gargajiya yana da harshen ƙarfe mai danna ganɗa da zobe mai zagaye haɓa. An ƙera shi ne don fagen fama, inda tsayar da ingarma nan take yake raba mutum da mutuwa. A hannun gwani taɓawa kaɗan ta isa. A hannun matashi mai neman a yi masa guɗa, shi ne yake fitar da kumfa mai jini a bakin doki wajen zamiya da tsayuwa da ƙafa biyu. Sahihu Muslim ya ruwaito hani ga dukan fuskar dabba da yi mata lalas a fuska, Abu Dawuda kuma ya ruwaito hani ga mayar da bayan dabbobi mumbari, wato a zauna a kansu ana hira ba tare da buƙata ba. Idan zaman banza a kan doki abin hani ne, yaga masa baki da huda masa ciki don burge 'yan kallo ya fi cancantar hanin. Yana da kyau a tuna cewa Risala ta Ibn Abi Zaid ta kawo hani ga dandaƙe dawaki, ga shi kuma al'adar ƙasar nan ta fi son hawan ingarma. Doki mai zafin jini kuwa haƙurin horo yake buƙata, wanda ƙarfe ba ya maye gurbinsa.

Na biyu shi ne sukuwa a cikin gari, musamman a bukukuwan aure, inda akan ba yara dawakin haya su cika titi. Malikiyya sun halatta tseren dawaki har da sanya kyauta, bisa sharuɗɗan da suka haɗa da ayyana mafari da matuƙa, amma Khalil ya ambaci cewa ba a ɗora yaro a irin wannan tsere, masu sharhi kuma suka fassara shi da karhanci. Koya wa yaro hawa abin so ne. Jefa shi gasa tun bai mallaki linzami ba wani abu ne daban. Dangane da ɓarna kuwa, Risala ta bayyana cewa mahayi da mai jan dabba da mai kora ta duk masu lamuni ne ga abin da ta taka. Hadisin da ya ce ɓarnar dabba faɗuwa take ba ya kare wanda yake zaune a kanta yana zuga ta. Idan doki ya banke tsohuwa a bakin kasuwa, magana ta koma babin diyya, kuma wanda ya miƙa ragamar ingarma ga yaron da ya san bai iya ba, yana da tambayar da zai amsa a gaban alƙali da gaban Allah.

Halin da yankin yake ciki ya ƙara tsananta matsalar. Hare-haren 'yan bindiga sun hana noma a gonaki masu nisa, harawa da hatsi suka yi tsada, yankan ciyawa a bayan gari ya zama kasada ga yaron da ake aika. A 2021 gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako-mako na wani lokaci, matakin da ya shafi har da kasuwar Shinkafi, wadda fatake daga Nijar suka daɗe suna kawo mata dabbobi. Gidaje da dama sun kwance turke, wanda kuwa ya sayar da dokinsa saboda ya kasa ciyar da shi ya aikata abin da Khalil ya ce a aikata. Sai dai idan barga ta rufe, sha'awar hawa ba ta rufewa tare da ita. Matashi yakan kama hayar doki na yini guda, bai taɓa share masa wuri ba, bai san abin da ya ci jiya ba, ya mayar da shi da yamma da mikin sirdi a baya. Rabin karatun da ya ɓace shi ne wanda shari'a ta wajabta, rabin da ya saura kuwa shi ne wanda ta halatta kawai.

A nan malamai suke da abin yi, domin babukan ciyarwa da tsere da lamuni suna nan cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan Zurmi da Ƙaura da Shinkafi, sai dai akan ratsa su da sauri kamar hukunce-hukuncen wani zamani da ya shuɗe. Huɗubar Juma'ar da ta gabaci Sallah wuri ne da ya dace a karanta su, a gaban masu ba da hayar dawaki da iyayen yaran da za su hau, tare da neman masarautu su keɓe filin sukuwa a wajen hanyar jama'a, su kuma ɗora wa shamaki da sarakunan barga alhakin duba baki da bayan kowane doki kafin a ɗaura masa sirdi.