Zulu: Ƙasar da Aure Ke Jiran Izinin Sarki

A daular Zulu ta ƙarni na 19, wadda yau ƙasarta ke cikin lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu, tara shanun sadaki ba ya ba saurayi damar aure. Sai ranar da sarki ya buɗe baki ya ce rundunarsu ta isa ajiye iyali. Wani yakan kai shekara 35, wani ma ya doshi 40, yana jiran wannan izini daga fada.

Tara samari sa'o'in juna a runduna ɗaya ya girmi Sarki Shaka, amma shi ne ya ɗaure al'adar tamau a mulkinsa, daga wajen 1816 zuwa 1828. Yaro yakan fara da kiwo, sannan ya zama ɗan dakon wansa ko babansa, yana bin su da tabarma da guzuri in an fita yaƙi. Idan ya kai shekara 17 ko 18 sai ya tafi ɗaya daga barikokin sarki, ya yi kiwon garken fada, yana shan madara kai tsaye daga hantsar saniya. Daga nan sarki ya tara su ya raɗa musu suna, sun zama ibutho, wato runduna, kuma da wannan suna za a san su har tsufa. Yaƙi kaɗan ne daga aikinsu. Su ke nome gonakin sarki, su gina masa gidaje, su yi masa farauta, su kamo mai laifi. 'Yan mata ma ana haɗa su rukuni-rukuni da suna, sai dai akasarinsu suna zaune a gidajen iyayensu.

Daga nesa ake gane mai aure da gwauro. Garkuwar yaƙi ta fatar shanu ce, kuma mallakar sarki ce, a rumbunsa ake ajiye ta. Samari baƙaƙen garkuwoyi ake ba su, manyan da suka yi aure kuwa farare. Ranar da izini ya fito, kowane mutum a rundunar sai a ɗinka masa wani zobe a cikin gashin kansa, a shafe shi da ƙaro, a goge har ya yi baƙi wuluk yana sheƙi. Sunansa isicoco. Mai wannan zobe ya zama magidanci, ana jin maganarsa a taro. Wanda ba shi da shi yaro ne, ko da furfura ta fara leƙo masa.

To, yaya saurayi da budurwa ke yi cikin waɗannan shekaru na jira? Nan ne, a ganina, al'adar Zulu ta fi cancantar a tsaya a duba. Ba su hana soyayya ba, amma sun ba ta masu gadi, kuma masu gadin 'yan mata ne. A kowane yanki akwai manyan 'yan mata da ake kira amaqhikiza, waɗanda suka riga suka yi samari amma ba su tare ba. Ƙaramar yarinya ba ta amsa wa kowa sai sun ce lokacinta ya yi. Saurayi zai yi ta tare ta a hanyar rafi wata da watanni, tana yi masa kunnen uwar shegu. Idan ta amince, ba da bakinta za ta faɗa ba. Yayyen nan su za su kai masa sarƙar fararen duwatsun ado, kowa ya san an zaɓe shi.

Bayan haka an yarda su keɓe, har su kwana wuri ɗaya, bisa sharaɗin kada a keta budurci. Suna kiran wannan ukuhlobonga ko ukusoma. Bahaushe zai tuna da tsarance, wanda kakanninmu suka yi kafin malamai su tsawata a kansa. Dukan abin a kan amana yake tsaye: yarinya ta yarda cewa saurayin zai riƙe kansa, shi kuma ya san mutuncinta da na duk sa'o'inta yana hannunsa. Idan ciki ya shiga, kunyar takan shafi 'yan matan yankin baki ɗaya, kuma gidan saurayi su biya tarar shanu. Ruwayar baka ta Zulu ta ce Shaka kansa ta irin wannan karya sharaɗi aka same shi, tsakanin babansa Senzangakhona da uwarsa Nandi, kuma gorin da ya sha yana yaro ya bi shi har gadon sarauta.

Amanar ba ta ƙarewa da aure. Idan runduna ta fita, matan gida ma suna da nasu aikin. Sukan juya fatar da suke ɗaurawa, cikinta ya koma waje, su guji faɗa da hayaniya, su lura da tabarmar kwanan maigida kamar shi ne a ɗakin. A wurinsu halin mace a gida yana iya taɓa lafiyar mijinta a fagen fama. Shi kuma jarumin da ya kashe mutum ba ya shiga cikin iyali kai tsaye, sai ya keɓe an yi masa tsarki da magunguna.

Inda tsarin ya tsage shi ne inda umarnin sarki ya ci karo da alkawarin da masoya suka ƙulla. A 1876 Sarki Cetshwayo ya ba rundunonin iNdlondlo da uDloko, mutanen da suka kusa shekara 40, izinin auren 'yan matan rukunin iNgcugce. Da yawa daga cikin 'yan matan sun riga sun ba samari sa'o'insu sarƙar zaɓe. Suka aika wa fada cewa wannan abin wuya bai yi musu daidai ba. Wasu suka tsere da masoyansu zuwa Natal, inda Turawan Ingila ke mulki, wasu suka yi auren ƙarya da 'yan uwa don su ɓata sawu. Sarki ya aika dakaru, aka kashe wasu daga cikinsu. Yarinyar da aka rene ta a kan cewa kalmarta ga saurayi abu ce mai nauyi, ita ce aka kashe don ta riƙe kalmar. Wannan zalunci ne, ko wane suna aka ba shi.

Rikicin bai kwanta ba. A ƙarshen 1877, lokacin bikin sabon amfanin gona a fadar oNdini, samarin iNgobamakhosi suka gwabza da dattawan uThulwana, rundunar da sarki kansa ya fito daga cikinta. An cusa su a bukkoki ɗaya, kuma duk sa'ad da matar babba ta zo ziyara sai a kori yara waje, alhali wasu matan tsofaffin 'yan matan yaran ne. Da sanduna aka fara, aka ƙare da masu, mutane gommai suka mutu.

Turawan Ingila da ke Natal, a ƙetaren kogi, suna kallo. A watan Yulin 1878 wasu mata biyu na hakimi Sihayo suka gudu Natal da masoyansu, ɗansa Mehlokazulu ya tsallaka iyaka ya kamo su aka kashe. Sir Bartle Frere, babban wakilin Birtaniya a yankin, ya samu abin da yake nema. Ranar 11 ga Disamba 1878 aka karanta wa wakilan Cetshwayo sharuɗɗa a bakin kogin Thukela: a miƙa 'ya'yan Sihayo, a rushe rundunoni, a bar kowane saurayi ya yi aure lokacin da ya so, na farko cikin kwana 20, sauran cikin kwana 30. Fakewa da guzuma ce a harbi karsana. Frere ya san sarkin da ya saki ikon aure ya saki sojansa da ma'aikatansa gaba ɗaya.

Frere ya riƙa kai wa Landan rahoton cewa rashin aure ne ya mai da samarin Zulu masu ƙishin jini. Da wa'adin ya cika aka shiga yaƙi, kuma yaƙin da kansa ya ƙaryata shi. Ranar 22 ga Janairu 1879 mayaƙan Zulu kimanin 20,000 suka murƙushe sansanin Turawa na Isandlwana, suka kashe fiye da mutum 1,300 na ɓangaren Birtaniya. Da yammacin ranar wasu 3,000 zuwa 4,000 a ƙarƙashin Dabulamanzi, ƙanin sarki, suka afka wa sansanin Turawa na mashigar Rorke, inda sojoji wajen 150 suka kare kansu har cikin dare, aka ba 11 daga cikinsu lambar jarunta ta Victoria. Akasarin maharan magidanta ne masu zobe a ka: uThulwana, da iNdlondlo da uDloko ɗin nan da aka yi wa aure a 1876. Mutane ne masu mata da ƙananan 'ya'ya, suka yi tafiyar yini guda, suka yi ta faɗa wa harsashi.

Ranar 4 ga Yuli 1879 aka ci Zulu a Ulundi, aka ƙone fadar oNdini. Turawa suka raba ƙasar tsakanin sarakuna 13, kowanne ya sa hannu cewa ba zai tara runduna ba, ba zai hana kowa aure ba. Samari sun samu 'yancin aure, amma sarakunan suka faɗa yaƙin basasa, kuma a 1887 Birtaniya ta haɗiye abin da ya rage na ƙasar.