Yawon dutse da bakin tafki: me ya rage wa Gidimuni ta ci moriyarsa?

A shirin matasa na makon da ya wuce, wani yaro ya bugo waya ya ce: "Wai don Allah me Turawa ke nema a kan dutse, har su biya kuɗin jirgi su je su sha wahala?" Mun yi dariya a ɗakin watsa shiri, amma tambayar ba ta wasa ba ce, don amsarta ta shafi aljihun matasanmu da kuma lafiyar yaranmu.

Bari mu fara da inda abin ya zama sana'a. A tekun Bahar Rum akwai tsibirin Korsika, wanda ke ƙarƙashin Faransa. Kusan duka tsibirin duwatsu ne, mafi tsawonsu, Monte Cinto, ya kai mita 2,706. Akwai wata hanyar ƙafa da ake kira GR20 wadda ta ratsa duwatsun daga arewa zuwa kudu, tsawonta kamar kilomita 180. Mai tafiya yakan yi wajen mako biyu kafin ya gama ta, da jakarsa a baya.

To, me ya sa baƙo ke yarda ya shiga dajin da bai sani ba? Saboda an shirya masa. An shafa fenti ja da fari a jikin duwatsu, duk inda ya waiwaya zai ga alamar hanya. A ƙarshen tafiyar kowace rana akwai masauki da wurin kafa tanti, da mai tsaron wurin a lokacin da baƙi suka fi yawa. Ba a yarda kowa ya kwana inda ya ga dama ba. Akwai ƴan jagora da suka koyi aikin. Makiyayan da ke kan duwatsun kuma suna sayar wa matafiya cuku. Ka ga kuɗin baƙon ya shiga hannun mai masauki, da ɗan jagora, da makiyayi, da mai mota.

Duk da wannan shiri, dutse ba ya wasa. A watan Yuni na 2015 ruwan sama mai ƙarfi ya zubo da ƙasa da duwatsu a wani kwazazzabo na wannan hanya, mutum 7 suka rasa rayukansu. Bayan haka hukuma ta karkatar da hanyar ta wani gefe.

Mu dawo gida. Mu ma a Nijar mun taɓa ganin wannan kasuwa. Duwatsun Abzin na jahar Agadas, inda Bagzan ya kai mita 2,022, sun ciyar da ƴan jagora da direbobi da masu raƙuma da maƙera shekara da shekaru. Da tawaye ya sake ɓarkewa a 2007, sannan aka sace wasu baƙi a Arlit a 2010, sai Turawa suka ɗauke ƙafa. Waɗanda suka dogara da baƙon waje kaɗai suka wayi gari babu aiki. Darasin a fili yake: wanda ya jingina da bangon wani, ranar da aka rushe shi tare za su faɗi.

To mu a Damagaram me muke da shi? Ga manyan duwatsun Birni a cikin garin Damagaram, kusa da fadar Sarki. Ga duwatsun Muniyo da na Kutus ta wajen Gure. Can gaba ga Termit, wanda gwamnati ta mayar gandun daji a 2012, amma wannan ba wurin da mutum zai tashi ya nufa ba ne sai da izinin hukuma da rakiya. Sai kuma namu na ƙofar gida: tafkin Gidimuni, da dabino da garake kewaye da shi, da tuddan rairayi. A 2019 an sa shi cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, tare da tafkin Madarunfa na jahar Maradi. Kuma muna bakin babbar hanyar da ta taso daga Damagaram ta Mirriya ta wuce Gure da Difa. Ba sai an gina sabuwar hanya ba kafin baƙo ya iso.

Wane baƙo ke nan? Ba sai Bature ba. Ƴan lakwal na Damagaram da malamansu, ɗaliban jami'a, ma'aikata masu neman inda za su huta ranar Asabar, ƴan uwanmu da ke zuwa gida hutun salla. Waɗannan ba sa bukatar biza, kuma labarin rediyon waje ba ya korar su.

Abin da ya rage shi ne abin da Korsika ta yi, daidai ƙarfinmu. A fitar da hanyar zagaya tafki guda ɗaya da yardar masu garake, don kada baƙo ya taka wa mutum shuka a yi rigima. A samu matasa kaɗan da suka san wurin, a koya musu taimakon gaggawa, ma'aikatan gandun daji su nuna musu tsuntsayen da ke sauka a lokacin sanyi. A tsayar da kuɗin jagora guda, kowa ya sani. A samu rumfa da ruwan sha da wurin zuba shara. Wannan magana ce ta magajin gari da masu unguwanni da ƙungiyoyin matasa su zauna a kanta, ba ta jiran wani babban shiri daga Yamai ba ce.

Kafin nan, yaranmu ai sun riga sun fara nasu yawon, babu jagora babu doka. Don haka iyaye, ga abin lura. Lokacin fita shi ne na sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, dutse kuma yana ɗaukar zafi kamar tanda, wanda zai hau ya fita da sassafe ya sauko kafin hantsi ya yi. A sa takalmi rufaffe, kada a cusa hannu cikin kogo ko ƙarƙashin dutse, nan ne gidan kunama da kububuwa. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotse, a kai shi likita nan take. Da damina kada a tsaya cikin kwari in hadari ya haɗu, don ruwan da aka yi a nesa yakan iso ba sallama.

Shi kuwa ruwa, wanda bai iya iyo ba kada ya shiga, ko da abokai sun yi masa dariya. Gefen da kacalla ta cika yana da laka mai riƙe ƙafa. Sannan ruwan da ke kwance yakan ɗauki tsutsar tsargiya, wadda ke fitowa daga jikin ƙananan katantanwa ta shiga ta fata. Yaron da ya fara fitsari da jini a kai shi likita, akwai maganinsa, ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke cewa. Kuma duk mai fita ya faɗa a gida inda za shi da lokacin da zai dawo.

A shirin mako mai zuwa za mu buɗe layi a kan wannan batu. Masu garake na bakin tafki, muna son jin ta bakinku musamman: ta ina hanya za ta bi ba tare da ta cuce ku ba? Allah ya tsare mana yaranmu, ya sa albarka a tafkinmu.