Gahawar Suyar Gida da Gahawar Gwangwani

  

Yau za mu yi magana a kan gahawa, wadda wasu ke kira kofi. Da yawanmu mun san ta ne ta hanya biyu. Ko dai garin nan mai duhu na gwangwani ko na 'yar leda da mai shayi ke zubawa a kofin maigida, ko kuma wadda ake miƙo wa alhazai a ɗan ƙaramin finjali tare da dabino a Makka da Madina. Duk wadda ta sha biyun za ta gaya miki ba su yi kama ba, kuma sirrin bambancin yana wurin suya, da kuma tsawon lokacin da ke tsakanin suya da sha.

Gahawa ɗan itace ce. Bishiyarta tana yin 'ya'ya ƙanana da ke yin ja in sun nuna, a cikin kowane ɗa akwai ƙwaya biyu masu kama da wake da aka raba. Asalin bishiyar daga ƙasar Habasha ne, amma a Yaman aka fara sanin shanta sosai, a ƙarni na 15, inda masu ibada ke sha don su kori barci a wurin zikirin dare. Daga nan ta shiga Makka, har aka taɓa hana shanta a can a shekarar 1511, daga baya aka janye hanin. Sai ta bazu zuwa Masar da Turkiyya, sannan Turai. Sunan ma daga Larabci muka aro shi, haka nan kalmar finjali. A yau Barazil ce ta fi kowace ƙasa nomanta, Biyetnam na biye, a Afirka kuwa Habasha ce kan gaba. A nan Nijeriya ana nomanta a tsaunin Mambila na jihar Taraba, wajen Gembu, inda ake da sanyi da ruwan sama mai yawa. Zafin ƙasarmu ta Kebbi bai dace da ita ba, don haka sai dai a kawo mana.

Abin da ke wartsake mutum a cikinta wani sinadari ne da ake kira kafeyin. Ba baƙo ba ne a wurinmu, domin shi ne dai a cikin goro da ganyen shayi. Mutanen Jega ba sai an gaya musu darajar goro ba, tunda tun zamanin fatake masu zuwa Gwanja kasuwarsu ta yi suna da shi. To, abin da goro ke yi wa mai cinsa, shi gahawa ke yi wa mai shanta.

Yanzu mu zo kan suya. Ɗanyar ƙwayar gahawa launinta kore-kore ne, tana da tauri kamar tsakuwa, in kin shinshina kuma sai ki ji kamar busasshiyar ciyawa. Babu ƙamshin nan ko kaɗan. Wuta ce ke haifar da shi. Idan zafi ya kai wajen digiri 200, zaƙin da ke cikin ƙwayar da sauran sinadaranta sai su haɗu su rikiɗe, launi ya koma ruwan ƙasa, ƙwayar ta kumbura ta yi sauƙin daka. Masana sun ƙirga sinadaran ƙamshi fiye da 800 a cikin soyayyiyar gahawa. Matsalar ita ce, mafi yawansu masu tashi ne, iska na kwashe su. Akwai kuma ɗan mai a cikin ƙwayar, wanda in ya daɗe yana haɗuwa da iska sai ya soma ɗanɗanon tsohon mai.

Uwargida, wannan ba sabon karatu ba ne a gare ki. Kin san gyaɗar da aka sauke daga kasko yanzu, kin kuma san wadda ta yi wata guda a kwano. Kin san yajin da kika daka da safe yadda yake sa atishawa, da wanda ya kwana biyu a buɗe ya zama kamar ƙasa. Matan Aliero, garin albasa, kun fi kowa sanin cewa albasar da ba a yanka ba tana iya yin watanni a rumbu, amma da zarar wuƙa ta shige ta, kwananta ya ƙare. Haka gahawa take. Ɗanya tana iya yin watanni da yawa a ajiye in wurin busasshe ne. Soyayya da ba a daka ba, daɗinta yana cikin makonni biyu zuwa uku na farko. Dakakkiya kuwa, tun daga turmi ƙamshinta ya fara tafiya.

Shi ya sa ƙasashen da suka san gahawa ba sa nisanta suya da sha. A Habasha uwargida ce ke wanke ƙwayar, ta soya a kan garwashi a gaban baƙi, ta zagaya da kaskon kowa ya shaƙi hayaƙin, sannan ta daka ta dafa a tulun yumɓu. A Sudan, inda 'yan'uwanmu Hausawa da Fulani suke da yawa, musamman tun hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, ana kiranta jabana, ana soya ta ta yi duhu, a daka da citta. Larabawan Saudiyya kuwa suya sama-sama suke yi mata, shi ya sa tasu take fitowa ruwan ɗorawa-ɗorawa, sai su sa mata 'yar ƙwayar ƙamshin nan da suke kira hel, ba sa sa sukari, dabino ne sukarinta. A shekarar 2015 hukumar UNESCO ta sanya gahawar Larabawa cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana, saboda matsayinta wajen karrama baƙo.

To ita ta gwangwani fa, mai narkewa nan take? Ita ma gahawa ce ta gaskiya, sai dai an riga an dafa ta a masana'anta. Ana soya ƙwayar, a niƙa, a dafa a manyan tukwane har ruwan ya yi kauri, sannan a busar da ruwan, ko dai a fesa shi cikin iska mai zafi, ko a daskarar da shi a janye ruwan. Garin da ya rage shi ake zubawa a gwangwani. Wato in kin zuba ruwan zafi, dafaffen abu kike tayarwa, kamar yadda ake jiƙa madarar gari. A wannan doguwar hanya ƙamshi mai yawa ya tafi. Kamfanin Nestlé ne ya fito da Nescafé a ƙasar Siwizalan a shekarar 1938, bayan Barazil ta nemi a samo mata hanyar adana gahawar da ta yi mata yawa ta rasa masu saye. Ke nan tun asali an yi ta ne don ta daɗe kuma ta yi sauƙin haɗawa.

Akwai kuma batun iri. Gahawa iri biyu ce babba. Akwai arabika, mai son tsaunuka masu sanyi, mai ƙamshi da taushin ɗanɗano. Akwai robusta, mai jure zafi, mai ɗaci, wadda kafeyin ɗinta ya kusa ninka na arabika. Mafi yawan ta gwangwani da robusta ake yinta domin ta fi araha. Wannan ɗacin ne ke sa mu yi ta loda sukari da madara.

Gaskiya ɗaya ce, ta gwangwani tana da ranarta. Ba ta buƙatar itace mai yawa ko turmi, ana sayenta kaɗan-kaɗan daidai ƙarfin aljihu, kuma in baƙo ya faɗo ba shiri za ta fitar da ke kunya. Inda nake so ki buɗe ido shi ne 'yar ledar nan da ake haɗa abu uku wuri ɗaya, wato gahawa da sukari da farin gari mai kama da madara. Ki juya bayan ledar, ko ki ba yaro ɗan makaranta ya karanta miki. A ƙa'ida, abin da aka fara rubutawa a jerin kayan haɗi shi ne mafi yawa a ciki. A mafi yawansu za ki tarar sukari ne a farko, gahawar kuwa 'yar kaɗan ce, farin garin ma sau da yawa daga man itatuwa aka yi shi. Gidan da ke da mai ciwon sukari, wannan abin lura ne ƙwarai.

Sai niƙaƙƙiya ta kanti ko ta kasuwa. In a rufe take ruf, kuma an rubuta ranar da aka soya ta ba da nisa ba, to ba laifi. Amma wadda ake aunawa a buɗe, ba ki san yaushe aka niƙa ta ba, ba ki kuma san me aka haɗa ba, domin soyayyen hatsi in an niƙa shi yana iya ɓuya a ciki. Ƙwaya kuwa ba ta ɓoye kanta, gani ya kori ji.

Ga mai son gwadawa, ga yadda ake yi. Ki roƙi maigida ya tambaya wurin masu sayar da kayan ƙamshi da kayan Larabawa a manyan garuruwa, ko ki ba mai zuwa Hajji ko Umra sautu. Ki zaɓi ƙwaya busasshiya, wadda ba ta da fumfuna, ba hujin ƙwari, ba warin ɗanshi. Ki tsince tsakuwa da baƙaƙen ƙwayoyi.

Ki ɗora kasko mai kauri ko tukunyar ƙarfe a kan garwashi, a tsakar gida, domin tana hayaƙi. Kada ki sa mai, kada ki sa rairayi kamar na suyar gyaɗa. Ki zuba kamar gwangwanin madara ɗaya kawai, ki yi ta juyawa da cokalin katako ba tsayawa. Za ki ga ta koma ruwan ɗorawa, sannan ruwan ƙasa. Wajen minti 10 zuwa 15 za ki ji ta fara ƙara, ɗas-ɗas, kamar gugguru. Mai son irin ta Larabawa tana saukewa tun kafin wannan ƙara ko da farawarta. Mai son matsakaiciya ta ƙara minti ɗaya ko biyu. In kika ji ƙara ta biyu, 'yar siririya, kika ga mai yana tsattsafowa a jikin ƙwayar, to ta yi duhu, ki sauke maza kafin ta zama gawayi. Ki juye a faifai ko tire ki bakace, ƙaiƙayin ya fita ta kuma huce da sauri, domin in kin bar ta a kasko za ta ci gaba da ƙuna.

In ta huce ki zuba a kwalba mai murfi, ki ajiye inda rana ba ta kaiwa. Gahawa tana jan warin duk abin da ke kusa da ita, don haka ki nisanta ta da daddawa da albasa da kananzir da turaren wuta. Ki ware mata ɗan turminta, kada ki daka ta a turmin yaji. Ki daka iya abin da za a sha a lokacin. Babban cokali ɗaya ya ishi kofi ɗaya matsakaici. Ki tafasa ruwa, ki rage wuta, ki zuba garin tare da 'yar citta ko kanumfari ɗaya ko biyu ko kirfa, ki bar shi ya ɗan yi minti uku ko huɗu, ki sauke ya kwanta, sannan ki tace. Ki ɗanɗana tukuna kafin ki kai hannu ga sukari, za ki ga ba ta buƙatar da yawa.

Wannan ma hanyar sana'a ce ga matar da ke cikin gida, kamar yadda muke ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ana iya soyawa bisa oda don biki ko suna ko walimar dawowar alhazai. Sai dai ki sani, ƙwayar tana rage nauyi a wuta: kilo ɗaya na ɗanya yana komawa wajen giram 800 zuwa 850. Ki sa wannan a lissafi tare da kuɗin gawayi kafin ki yanka farashi. Kada kuma ki soya da yawa ki jibge, domin sabunta ita ce jarinki.

Kafin mu rufe, ga maganar lafiya, kuma ta shafi kowace iri, ta gida da ta gwangwani. Likitoci sun ce babban mutum mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 na kafeyin a yini, wato wajen kofi huɗu. Mai juna biyu kuwa kada ta wuce 200, wato kamar kofi biyu na ta gwangwani, kuma a cikin wannan lissafin har da shayi da goro da lemon kwalba mai baƙin ruwa. Gahawa da shayi suna rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, don haka ki bar tazarar aƙalla awa ɗaya tsakaninsu da abinci, kuma kada ki haɗiyi maganin ƙarin jinin da aka ba ki wurin awo da su. Ba a ba ƙananan yara. Mai hawan jini ko bugun zuciya ko gyambon ciki ya tuntuɓi likitansa. Kafeyin yana daɗewa a jiki sa'o'i da dama, saboda haka mai wahalar barci ta tsaya daga La'asar. Wadda kuma ke son abin sha mai irin wannan launi ba tare da kafeyin ba, tana iya wanke ƙwallon dabino ta shanya, ta soya ta niƙa, ta dafa shi haka nan.

To 'yan'uwa, a nan za mu dakata. A fara da kaɗan, in ta farko ta ƙone a sake, sai an gwada akan san na ƙwarai. Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a abin da muke ci da wanda muke sha. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.