Injin niƙa a cikin ƙwayar cutar tarin fuka

Bara wata ɗalibata ta shafe wata shida tana shan maganin tarin fuka. Ranar da ta dawo aji ta ce, "Malam, wai me ya sa ƙwayar nan take da taurin rai haka?" Tambayar ta mayar da ni ga littattafai.

Kowace ƙwayar halitta tana tara shara, wato furotin da ya lalace. Akwai wani ɗan inji mai siffar ganga, sunansa furotiyasom, zobe huɗu ne a jere, kowanne da yanki bakwai. Shi ke daddatsa sharar don a sake moriyarta.

Mu 'yan Adam muna da shi. Haka ma arkiya, halittun da Carl Woese ya bambanta da bakteriya a 1977, waɗanda wasunsu ke rayuwa cikin tafasasshen ruwa. Yawancin bakteriya kuwa ba su da shi, amma ƙwayar tarin fuka da danginta suna da irinsa.

A 2003 masana a Amurka suka nuna cewa injin yana taimaka mata ta jure gubar da sojojin jikinmu ke watsa mata. Shi ya sa ake neman maganin da zai toshe nata ya ƙyale namu.

Kafin Allah ya kawo shi, abin da na gaya wa ajin ke nan: tarin da ya wuce mako biyu, a je a yi gwaji. Wanda aka ɗora a kan magani kuma, kada ya daina don kawai ya ji sauƙi.