Me ya sa fitilun dandamali ke ƙyaftawa su kaɗai?

Ka taɓa lura a ɗakin biki ko wajen wasa, wata fitila ta dinga ƙyaftawa ko tana juya kai, alhali mai kula da na'ura bai taɓa komai ba? Kafin ka ɗora wa fitilar laifi, leƙa ƙarshen wayar.

Yawancin fitilun nan na karɓar umarni ne ta tsarin DMX512, wanda cibiyar fasahar wasan kwaikwayo ta Amurka, USITT, ta fitar a 1986. Waya ɗaya ce ke fitowa daga na'urar sarrafawa ta shiga fitila ta farko, daga nan ta wuce ta biyu, haka dai kamar carbi. A cikinta akwai tashoshi 512, kowace na ɗauke da lamba daga 0 zuwa 255: wannan ta haske, waccan ta launi, wata ta juyi. Ɗigon saƙo 250,000 ne ke wucewa a duk daƙiƙa.

To ina matsalar? Ɗaura igiya a jikin bishiya ka girgiza ta. Za ka ga motsin ya tafi, ya bugi bishiyar, ya dawo hannunka. Haka sigina ke yi idan ya isa fitilar ƙarshe ya tarar da waya a buɗe: sai ya juyo baya kamar amsa-kuwwa, ya cakuɗe da sabon saƙon da ke tafe. Shi kuwa DMX ba ya bincika ko saƙo ya isa daidai. Duk lambar da fitila ta karanta, ita za ta aikata.

Maganin ɗan ƙaramin abu ne, wato taminata. Kan XLR ne kawai da aka haɗa wa resista mai om 120 tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3, a toshe shi a mafitar fitilar ƙarshe. Me ya sa 120? Saboda turjiyar da wayar DMX ke yi wa sigina ke nan. Idan biyun suka zo daidai, sai resistar ta shanye siginar, babu abin da zai dawo.

Nan ne ma wayar makirufo ke yaudarar mutane. Kanta na shiga daidai, tunda fitilu da yawa na zuwa da XLR mai ƙafa 3 maimakon 5 na ƙa'ida. Amma turjiyarta ba ta kai 120 ba, kuma tana dakushe saƙo mai sauri. A gajeren layi za ta iya yin aiki lafiya lau, har ranar da aka ƙara tsawo ana tsakiyar taro.

Don haka idan za ka haɗa fitilu, nemi wayar DMX ta gaskiya. Kada ka wuce fitilu 32 a layi ɗaya. Kada ka tsaga waya biyu da hannu, nemi na'urar raba sigina, kuma kowane reshe ka rufe ƙarshensa da tasa taminatar.